Baba Ya Ɗaure Ƙyallen Rana

Zuwa ga ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan Wurno lahiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, albasa kuma ta yi kyau tunda anka sako ruwan madatsar Goronyo.

Ƙyallen nan mai walƙiya da kinka aiko, wanda kinka ce hasken rana ka tura irinshi da na'urarku cikin sararin samaniya, Baba ya shimfiɗa shi tsakar gida, ya zauna yana jiran ya tashi. Har la'asar bai motsa ba. Ya ce, "Mi ɗiyata ka yi can? Ta dawo gida, aikin bai yi ba."

Na ce mashi nan ƙasa nauyi ka danne shi, can sama kuwa babu mai riƙe shi, kaɗan-kaɗan haske ka tura shi har ya yi nisa.

Kada ki dawo, injiniya, ki ƙarasa aikinki. Da safe na iske Baba ya ɗaure ƙyallen ga turken akuya, wai kada ya tashi yana masallaci.

Ki sa mu cikin addu'a, ki gaishe da maigidanki. Inna na gaishe ki.

Yayanki,
Umaru