Fitilar da ta cinye Kaza da 'Ya'yanta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Sandamu lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Kai ka aiko min da kyamara, ka ce in ɗauko maka taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Kai ne kuma ka sa aka kafa fitilar sola a tsakar gida, ko shawarata ba ka nema ba! Na jira wata ya ɓuya, na saita kyamara, hoton ya fito fari fat kamar an zuba masa nono. Na rufe fitilar da buhu, Inna ta fito da faɗa, wai so nake kunama ta harbe ta.

Ni mace ce, ba zan tafi gona da dare ba. Sararin tsakar gidan nan kaɗai gare ni. Ga Kazar ta kusa faɗuwa.

Ka kira Inna, maganarka take ji. Ka gai da kowa, ka sa mu a addu'a. In ka ƙi kiranta, hoton fitilarka zan aiko maka, ka rataye a falo.

Ƙanwarka,
Bilki