Alewar Gidan Kawu Rifat

Inna,

Barka da Sallah. Ya ƙafar Baba? Ya su Zekiye? Ni lafiya lau nake, takalmina ne kawai ya buɗe baki.

Na cika umarninki na zuwa gaisuwar Sallah. Istanbul ta yi tsit, shaguna a rufe, na taka tun daga unguwar Esenler har gidan ƙaninki Rifat. Na sunkuya zan sumbaci hannunsa, sai ya cusa shi a aljihu. Matarsa ta tare ƙofa ta ce, "Ayya, Dursun, muna da baƙi," ta damƙa mini alewa, irin wadda ake sallamar yaran unguwa da ita.

Ga ta nan cikin ambulan. Ke kika goya Kawu Rifat, ke ya dace ki sha.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Dursun