Rijiyar Marigayi Malam Sodangi da Shaddar da ke Bayanta

Daga: Gazali Sodangi, tela,
Gidan Malam Sodangi, Ƙofar Rini, Sakkwato.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Duba-gari na shiyyarmu,
Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

Game da: Ciwon cikin da ya addabi gidanmu, da rahoton jami'anka na ranar 3 ga Satumba.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. A gidanmu akwai rijiyar da mahaifinmu ya gina da hannunsa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya bar ta sadaka. A watan Afrilu na bana, yayana Alhaji Abdulshakur, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya haƙa sabuwar shadda a bayanta. Na auna da ƙafata, taku bakwai ne tsakanin rijiyar da shaddar.

2. Tun da ruwan Yuli ya sauka, murɗawar ciki da kumburi da zawo suka shigo gidan. Babu abin da ba mu zarga ba. Aka ce wake ne, muka bar wake. Aka ce yaji ne, muka koma cin miya salam. Muka sha jar kanwa, muka sha jiƙon sabara, muka sha citta da kanumfari, har maganin tsutsar ciki mai kemis ya ba mu. Kwana biyu a samu sauƙi, na uku ciwo ya dawo. Sai ranar 20 ga Agusta likita ya gwada ɗiyata Nabila, ya ce cutar daga ruwan sha take.

3. Ni da iyalina mun koma tafasa ruwa, mun kuwa samu lafiya. Amma mahaifiyarmu, Inna Hajjo, mai shekara saba'in da huɗu, ta ƙi. Ta ce dafaffen ruwa ba ya kashe ƙishirwa, kuma ba za a ce mata rijiyar mijinta ta zama cuta ba. Na taɓa zuba mata tafasasshe a randa a ɓoye, kurɓa ɗaya ta gane, ta yini ba ta yi mini magana ba. Yanzu zanenta sau biyu yake zagaye ta, kuma a zaune take salla, dafe da ciki.

4. Za ka ce me ya hana in yi wa yayana magana. Ranka shi daɗe, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, keken ɗinkin da nake ci da shi ma shi ya saya. Na aika masa da maganar ta bakin kawunmu, sai Yaya ya ce wato ƙanensa ke cewa yana kashe uwarsu. Mai unguwa ya ce maganar gida ce. Ba ni iya tashi in bar Inna, ba ni iya rufe rijiya, ba ni iya ɗaga ido in kalli Yaya. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

5. Na kai ƙara ofishinka ranar 27 ga Agusta, jami'ai biyu suka zo ranar 3 ga Satumba. Kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, Inna ta sa aka kawo musu ruwan rijiyar a kwanon sha. Suka karɓa, suka duba, suka yi godiya, suka ajiye shi a gefen tabarma. Ko leɓensu bai taɓa ba. Ba su ɗebi ruwan gwaji ba, ba su leƙa bayan katanga ba, amma suka rubuta cewa rijiya tana da murfi, babu matsala. Wagga takarda ita Yaya ke nuna wa duk wanda ya tada zancen.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a turo wanda zai gwada ruwan, a auna tazarar shaddar, kuma umarnin gyara ya fito daga ofishinka da hatimin hukuma, domin maganar hukuma kaɗai Inna da Yaya za su ji ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ina kuma roƙon kada a nuna wa yayana wagga wasiƙa.

Don Allah a hanzarta. Ruwan da jami'anka suka ajiye a gefen tabarma, shi Inna ta sha yau da safe, shi za ta sha gobe.

Allah shi ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Gazali Sodangi