Abin da Injin Baba Ya Manta

Jiratawa

Zuwa ga Kawu Filimon, mai gyaran rediyo, Sabon Gari, Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da Inna Susana.

Kawu, an koma karatu a lise, makarantarmu ta sakandare, ni kuwa ina nan. Tun da Gulbi ya cika ruwa ya shiga akwatin da ke tada injin ban ruwanmu, injin bai sake motsi ba. Da guga muke shayar da albasa, ni da Baba. Ya ce ba zancen makaranta sai injin ya tashi.

Ya hana a kawo maka allon cikin akwatin, wai kabu-kabu zai karya shi. A jikin allon akwai wani baƙin abu kamar tsawon yatsana, ƙafafu jere gefe biyu kamar shanshani. A bayansa akwai 'yar tagar gilashi, an rubuta 2764. Mene ne shi?

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka, Milka

Maraɗi

Milka, gaisuwa. Idonki ya fi na babanki.

Tsohuwar memuwa ce, rabona da irinta tun ina saurayi. A cikinta injin ke ajiye karatunsa. Ana liƙe tagar da takarda, don in rana ta daɗe tana dukanta, karatun gogewa yake yi. Ina takardar? Kada dai ki ce mini babanki Kalibu ya yi abin da nake zato.

Kawunki

Jiratawa

Kawu, barka da aiki.

Ya yi. Da ruwa ya ja, Baba ya shanya allon a kan soro tare da kuɓewa, ya bushe sosai. Takardar ta jiƙe, ya ɓanɓare ta. Har aka sauke kuɓewa, aka shanya barkono, allon na can. Da na karanta masa wasiƙarka ya ce, “Yo ni na san ƙarfe na yin mantuwa?” Bai ci tuwo ba ranar.

Kawu, akwai magani?

Milka

Maraɗi

Ɗiyata, sannu.

Karatun ya tafi, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Sai dai a kwafo daga 'yar uwarta. Wani malamin majami'a a Tibiri yana da tsohuwar na'urar kwafi. Maƙwabcinku Dogo ya samu injinsa tare da na babanki, iri ɗaya ne. Ki roƙe shi aron tasa memuwar, wuni guda.

Filimon

Jiratawa

Kawu, ina gaisuwa.

Na je. Na iske Dogo a bakin gonarsa, na roƙe shi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ba ni goro in kai wa Baba, sannan ya ce, “'Yar Kalibu, 'yar boko, in kawun naki ya zare ƙwaƙwalwar injina ita ma ta yi mantuwa, ke za ki shayar da gona biyu?” Ya ce in ka rantse ba abin da zai same ta, zai bayar. In ba haka ba, sai an cire albasa. Kafin nan an gama jarrabawa.

Kawu, za ka rantse?

Ɗiyarka mai jira, Milka

Maraɗi

Milka,

Na je Tibiri na duba na'urar. Ta tsufa, ƙafafun memuwa kuma sun fi ta tsufa. Ba zan iya rantsewa ba.

Ki yafe wa kawunki.