Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki? Na kira wayarka har na gaji, an ce dutsen da kuke fasawa ba sabis, shi ya sa na ba direban tifar kamfaninku wannan takarda.

Ƙafar Inna ta rikice. Gyambon ya yi baƙi, har wari yake yi. Likita ya zo gona ya duba, ya ce a kai ta babban asibiti kafin mako ya fita, in ba haka ba yanke ƙafar za a yi. Ka san hanyarmu, motar haya ba ta shigowa, Inna kuma ba ta iya zama a babur. Motar Baba ce kawai, ita kuma ta ƙi tashi. Batir da ƙarfinsa, tanki cike, in na murza sai ta yi ta gurnani kamar za ta kama, shiru. Kai ne bakaniken gidan nan, ko da yake tun rasuwar Baba ƙafarka ba ta sake taka shi ba. Wallahi tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ba a ba da hutu yanzu, amma ki yi abin da zan faɗa miki. Buɗe bonet, ki cire tukunyar iskan da ke saman kafireta. Ki zuba fetur cikin murfin kwalba, ki tsiyaya a maƙogwaron kafiretar, ki ja da baya da fuskarki, sannan ki murza. In ta tashi ta mutu, wuta lafiya, mai ne ba ya isowa. Sai ki zare tiyon da ke shiga kafiretar ki ga ko yana tofo mai. Ban da ashana a kusa.

Ki gaida Inna.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. "Ba a ba da hutu"! To madalla, Allah ya bar ka da dutsenka.

Na yi yadda ka ce. Ta tashi har kaji suka watse, na yi ihun murna, kafin in rufe baki ta mutu. Tiyon busasshe ƙayau. Na cire matatar mai na hura, ba toshiya. Na tsotsi tiyon har kaina ya yi jiri, ko ɗigo. Inna tana zaune bakin rumfa tana kallona, sai cewa take, "Bar wahalar da kanki, 'yar nan, ƙarfe ma tsufa yake yi." Yau zazzaɓi ya rufe ta, baƙin ya wuce idon sawu.

Ka taimake ni don Allah.
Auta

Auta,

Salam. Kada ki sake tsotsar fetur. Na tuna wani abu. Shekarar da aka yi ta satar motoci, Baba ya sa na ɗaura masa ɗan kan famfo a jikin tiyon mai, ƙarƙashin kujerar direba. In ya ajiye mota sai ya murɗe shi, ɓarawo ko ya tayar ba zai yi nisa ba. Ɗaga tabarmar ƙasan ki laluba. Daga ni sai shi sai Inna muka sani.

Allah ya sa a dace.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sami kan famfon a rufe. Na buɗe, na taka totur, mota ta tashi lafiya lau, har na zagaya rijiya da ita. Na haɗa kayan Inna, na ce da safe sai asibiti. Gari ya waye, mota ta sake ƙi. Na laluba ƙarƙashin kujera, an rufe shi tam. Daga ƙofar ɗakin Inna har gindin motar ga sawun sandarta, ga jan ƙafa a ƙasa.

Na tsaya a kanta ina kuka, na ce, "Inna, kashe kanki za ki yi?" Ta ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa bakinta ne, ban ƙara ko kalma ba.

Babban ɗana, ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Kada ku ga laifin mota. Tun ranar da likita ya zo na rufe abin nan. A motar nan aka kai ubanku asibitin nan, kana can wurin aiki, muka dawo da ita ba shi. Ni ba yankan nake tsoro ba. Tsorona in tafi yadda ya tafi, yana ta waiwayen ƙofa yana tambaya ko ka iso. In Auta ta buɗe sau goma, sau goma zan rarrafa in rufe. Ka zo ka tuƙa ni da hannunka.

Mu kwana lafiya.
Innarka, da Auta

Inna,

Ina durƙushe ina gaishe ki. Shugaban aiki ya ce in na tafi kada in dawo, na miƙa masa hular kwanonsa. Tare za mu taso da direban tifa, shi zai kawo takardar nan har ƙofa, ni zan tsaya bakin titi in sayi sabon tiyo. Auta ta shimfiɗa miki katifa a kujerar baya.

Ki yafe mini.
Ɗanki