Hannun da aka goge a wando

Daren Laraba, Withington

Murna ta hana ni barci! Yau a gwajin wasan kwaikwayonmu na jami'a na fito a matsayin ɗan kasuwa Bayahude. Abokin cinikina Kirista ya gaisa da ni, sannan ya goge hannunsa a wando, yadda aka rubuta. Darakta ta ce in sunkuya ina murza hannu, mutane su yi dariya. Na ƙi. Wani kwastoma ya taɓa yi wa Baba haka a shagonsa na Lozells, a gabana. Sai na miƙe ƙyam irin tsayuwar Baba, na ce, "A naɗe maka kayan?" Ɗakin ya yi tsit. Darakta ta ce a bar shi haka!

Baba zai zo kallo ranar Asabar. Ko zai gane kansa?