Rasuwar Sarkin Rumbu, Alhaji Yusha'u Bello

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Amosanin Jini ta Kaduna ta Arewa, tun daga kan iyayenta da dattawanta, da shugabarta, da 'yan kwamitinta, da masu ba 'ya'yanta jini, har zuwa kan iyaye mata da maza na Unguwar Shanu da Unguwar Sarki da Rigasa, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta, malaminta, kuma mai kula da na'urar ajiyar bayananta, Alhaji Yusha'u Bello, wanda muka naɗa wa sarautar Sarkin Rumbun Ƙungiya. Allah ya karɓi abinsa da hantsin Alhamis, biyar ga watan Maris na 1998, a gidansa da ke Unguwar Sarki, yana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya, kuma an yi masa sutura a wannan rana bayan sallar la'asar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Marigayin ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a ɗakin kwamfuta na wata masaƙa a Kakuri, tun lokacin da ake ajiye bayanai a manyan faya-fayai masu faɗin faifan tankaɗe. Ciwon jikarsa ne ya kawo shi cikinmu bayan ya yi ritaya. Ya same mu da katunan yara cike da kwalaye huɗu na sabulu, kowane kati ɗauke da sunan yaro, da irin jininsa, da maganin da jikinsa ba ya so, da sunayen mutanen da suka yarda a tashe su idan yana bukatar ƙarin jini. Duk uwar da ta taɓa tsayawa a bakin gadon asibiti likita na cewa a nemo jini yanzu-yanzu ta san darajar wannan kati. Da wasu bayin Allah suka ba ƙungiya kyautar kwamfuta a 1993, Alhaji ne ya zauna wata biyar yana shigar da katunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro da lambarsa. Sannan ya haɗa mata wata ƙaramar na'ura mai cin kaset, wadda kullum da ƙarfe biyar da rabi, bayan an tashi daga ofis, take kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar da kanta ta zuba a kaset ɗin, domin ko kwamfutar ta lalace bayanan suna nan.

Mu dai a ganinmu aiki ya ƙare ke nan, tunda na'ura na yi da kanta. Shi kuwa cewa ya yi yanzu aka fara. Ya kan ce mana, «Mata, wace ce a cikinku za ta liƙe rumbu ta yi wata shida ba ta leƙa ba, don kawai ta ga jinka a kai? Gara ba ta aiko da sallama.» Daga wannan magana sarautarsa ta samo asali. Ya tsayar da Asabar ɗin farko ta kowane wata a matsayin ranar leƙa rumbu. A ranar za a ciro kaset, a umarci kwamfuta ta dawo da bayanan wasu yara daga cikinsa, a buga a takarda, a karanta a gaban iyayensu, su ce daidai ne ko ba daidai ba. Da farko mutum biyar ke zuwa. Kafin shekara ta zagayo, ranar ta zama kamar ƙaramin suna: mai ƙosai ta kawo, mai zoɓo ta kawo, yara suna guje-guje a harabar ofis, kuma duk takardar da ta fito daidai sai an rangaɗa mata guɗa. Alhaji ya kan toshe kunnuwa ya ce za mu firgita masa amarya, wato kwamfutar, alhali kowa na ganin yadda yake murmushi.

Ba za mu rubuta tarihin wannan bawan Allah ba tare da ambaton abin da ya faru a watan Nuwamba na 1994 ba, domin shi da kansa ya roƙe mu kada mu taɓa ɓoye shi. A lokacin, al'adarsa ita ce ya dawo da yara uku ko huɗu daga farkon jeri, kuma kullum suna fitowa lafiya. Ni Indo, mai wannan rubutu, 'yata Hassana lambarta ɗari huɗu da goma sha biyu, can kusa da ƙarshe. Na riga na binne 'yar'uwar haihuwarta, kuma duk ƙungiya ta san ni da rashin kwanciyar hankali. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ina ɗokin in ga sunan 'yata a takarda in karanta da bakina. Na ce, «Alhaji, don Allah a fito min da Hassana in gani.» Mata suka sa dariya, wata ta ce Indo ko a Aljanna sai ta tambayi ina ƙofar fita. Alhaji ma ya yi dariya ya ce, «Maman Hassana, wanda ya auna buhu daga baki ai ya san gindinsa. Amma zo, don ki yi barci yau.» Ya danna lambar. Na'ura ta yi ta gurnani, ta tsaya, ba Hassana. Ya gwada na gaba da ita, babu. Ya yi ta ja da baya har sai da ya kai ɗari uku da shida kafin yaro ya fito. Yara fiye da ɗari, yawancinsu sababbin shiga daga Rigasa, ba sa cikin kaset ɗin, kuma da kwamfutar ta mutu a wannan mako da sun tafi tare da ita.

Kwana uku ya yi yana zama a ofis bayan an tashi kafin ya gano dalili. Maigadinmu, Baba Ila, mutum ne mai tsoron gobara. Da ya ji kiran sallar magariba sai ya kashe babban makunnin wutar ofis, ya kulle, ya tafi masallaci. Da damina, lokacin da rana ke jinkirin faɗuwa, na'ura kan gama kwafenta kafin ladan ya kira. Da kaka ta shigo magariba ta matso, yara kuma sun ƙaru, sai ya zamana Baba Ila na yanke mata aiki a tsakiya ba tare da ya sani ba. Da aka yi masa bayani, dattijon nan ya cire hula ya durƙusa ya ce, «Ranka ya daɗe, wallahi ni na ɗauka idan ta yi duhu ta yi barci ne.» Alhaji ya kama hannunsa ya tashe shi. A taron da ya biyo baya ya miƙe a gaban kowa ya ce Baba Ila ya yi aikinsa, na'ura ma ta yi iya nata, shi ne ya yi wata da watanni yana ɗanɗana miya daga sama bai kai ludayi ƙasan tukunya ba. Ba mu taɓa ganin babban mutum ya ɗauki laifi da fara'a irin haka ba. Ya mayar da lokacin kwafe zuwa ƙarfe biyu na rana. Ya kafa doka cewa daga ranar, duk leƙen rumbu sai an dawo da yaro na farko, da na ƙarshe, da wani guda da za a zaro da ƙuri'a. Ya kuma damƙa wa Baba Ila amanar kai kaset ɗaya gidan shugaba duk Juma'a, don kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya, aikin da Baba Ila yake yi har yau yana tafe yana rungume da shi kamar jariri.

Amfanin wannan gyara bai daɗe ba ya bayyana. A watan Agusta na 1995 tsawa ta faɗa kusa da ofis ta ƙone kwamfutar ƙurmus. A cikin makon yara biyu suka kwanta suna bukatar jini, ɗaya ɗan Rigasa mai lamba ɗari huɗu da talatin. Alhaji ya ɗauki kaset da na'urarsa a jaka, ya hau acaɓa zuwa wurin wani tsohon abokin aikinsa mai kwamfuta, kafin azahar ya dawo da sunayen masu ba da jini a takarda. Wani tela ne ya ba yaron nan jini, kuma yanzu haka yaron yana aji huɗu, ya fi kowa ƙiriniya. Daga baya ƙungiya ta samu wata kwamfutar, aka juye mata bayanan daga kaset ɗin. Tun daga lokacin babu wanda ya sake yi min dariyar yawan tambaya a gaban Alhaji. Ya kan ce kowace ƙungiya tana bukatar Indo guda ɗaya, amma biyu sun yi yawa.

Tun ranar Alhamis iyaye suke tare mu, a gidan makoki da kan hanya, da tambaya guda, wasu da hawaye: yanzu da Sarkin Rumbu ya tafi, wa zai buɗe kaset? Tambaya ce mai nauyi, domin rayukan yara ɗari biyar da sittin da ɗaya ne a ciki, kuma ni kaina ta hana ni cin abinci. Ga amsar da ƙungiya take bayarwa. Shekara guda ke nan marigayin ya daina taɓa na'urar a ranar leƙe. Ya rubuta mana matakai goma sha tara a littafi mai bango ja, da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda irina, ya zaɓi mu uku, ni da Malama Maimuna Idris da Malama Hajara Yakubu, ya zaunar da mu a gabanta. Shi kuma sai ya koma gefe ya cusa hannuwansa cikin riga don kada su yi masa gardama. Amma gaskiya ita ce duk tsawon lokacin nan yana zaune a wurin, kuma da mun kakare sai mu dube shi, ya yi gyaran murya, mu gane. Ba mu taɓa yi ba tare da shi ba.

Asabar ɗin farko ta wannan wata ta faɗo ranar addu'ar uku. Kwamiti ya yanke shawarar a ɗage leƙen, sai uwargidan marigayin, Hajiya Sa'adatu, ta aiko daga cikin takaba cewa mutumin da bai ɗage ba ranar ɗaurin auren 'yarsa, ba za a ɗage saboda mutuwarsa ba. Don haka da aka shafa addu'a, muka wuce ofis da mayafanmu na makoki, iyaye kusan tamanin suna biye da mu. Malama Maimuna ta riƙe min littafin, na fara bin matakan. A mataki na goma sha ɗaya na'ura ta yi shiru, na waiga wajen kujerarsa, na tuna ba ya nan. Malama Hajara ta ce, «Yaya Indo, karanta abin da ya rubuta mana mana.» Na duba, sai ga shi a ƙasan layin da hannunsa: «A nan takan yi shiru. A jira. Indo, kada ki taɓa komai.» Ɗakin da ke cike da masu kuka ya fashe da dariya. Muka jira. Yaro na farko ya fito daidai. Na ƙuri'a ya fito daidai. Sannan muka nemi na ƙarshe, wata jaririya 'yar wata tara daga Unguwar Shanu, wadda marigayin ya shigar da hannunsa ranar aikinsa ta ƙarshe. Na karanta sunanta da irin jininta da masu ba ta jini mutum uku, uwarta ta ce haka ne, babu kuskure ko ɗaya. Wata daga baya ta saki guɗa, ta tuna ranar da ake ciki, ta toshe baki da mayafi. Muna neman afuwar iyalan marigayin a kan wannan guɗa, ko da yake an gaya mana da labarin ya kai wa Hajiya Sa'adatu cewa ta yi me ya sa aka katse ta.

Saboda haka ƙungiya tana tabbatar wa kowace uwa da kowane uba cewa bayanan 'ya'yansu suna nan cif, an duba an gani, kuma za a sake dubawa ranar Asabar, huɗu ga Afrilu, da ƙarfe goma na safe, da kowane wata bayan nan in Allah ya yarda. Duk wanda yaronsa ya sauya magani, ko mai ba shi jini ya tashi daga unguwa, ya zo ya faɗa kafin ranar.

A madadin shugaba, Hajiya Zainab Balarabe, da dattawan ƙungiya, da dukan iyaye da yaransu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayin, Hajiya Sa'adatu Yusha'u, da 'ya'yansa bakwai, da jikokinsa goma sha tara, da 'yan'uwansa, da liman da jama'ar masallacin layinsu, da tsofaffin abokan aikinsa. Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jinƙai, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sanya kowane ɗigon jini da ya isa jikin yaro ta dalilinsa a mizaninsa na alheri, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriya, ya albarkaci bayansa, ya ba jikarsa da sauran yaranmu lafiya mai ɗorewa. Mu kuma da ya bar wa amana, Allah ya ba mu ikon riƙewa, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Sa hannu:
Malama Indo Abubakar Unguwar Shanu
Kakakin Ƙungiya, kuma ɗaya daga cikin masu leƙa rumbu
Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Amosanin Jini ta Kaduna ta Arewa
Litinin, 9 ga Maris, 1998